Mai Ƙaramin Jari a Bakin Tabarmar Karta

A da'irar 'yan karta ba sai ka leƙa aljihun kowa ba kafin ka gane wanda kuɗinsa ya kusa ƙarewa. Zamansa ma ya isa ya faɗa maka. Mai kuɗi da kauri yakan miƙe ƙafa, ya jingina da gindin bishiya, ya baje takardun kuɗinsa a gaba ya danne su da waya don kada iska ta kwashe. Yana wasa yana amsa gaisuwar masu wucewa, har ya kira mai rake ya saya wa na kusa da shi. Wanda ya saura da 'yar ɗari biyar kuwa a tsugune yake, can a gefen tabarma, takalmi a ƙafa kamar mai shirin tashi, amma ba ya tashi. Kuɗin nan an ninke shi gida huɗu an danne da babban yatsan ƙafa, ko an cusa shi a bakin hula. Idan aka raba karta ba ya buɗe ta gaba ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya yake zamewa da yatsa, a jikin ƙirjinsa, yana leƙawa ta gefen ido.

Irin wannan zama ana ganinsa duk inda kuɗi ke shigowa hannu kullum kuma rana ke da tsawo, kuma bakin tafkin Kainji yana cikin irin wuraren nan. Tun da aka gama madatsar ruwan a 1968, ruwa ya cika ya haɗiye tsibirai da garuruwa, aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni, rayuwar gaɓar nan daga Yelwa zuwa Wara ta koma bin lokacin kifi. Masunci kan shimfiɗa kalli da yamma, ya duba da asuba. Kafin hantsi ya yi zafi an kai kifi gaɓa, dillalai da mata masu banda sun saye, yaran jirgi sun karɓi rabonsu. Daga nan zuwa la'asar sai ɗinkin raga da hira. A tungayen masunta, a tashar jiragen ruwa, a inuwar da 'yan acaba ke jiran fasinja, a nan ake fito da dara da ludo da karta. Gaskiya ce a faɗa cewa mafi yawan masu wasan nan ba kuɗi suke sawa ba. Wanda aka cinye tsiya kawai ake yi masa, ko a sa shi ya raba karta har sai ya fanshe. Amma akwai tabarmar da ake ja can bayan rumfa, inda murya ke yin ƙasa, kuma a kanta nake magana.

Kartar da aka fi bugawa ita ce Whot, wadda wani Bature mai suna William Storey ya ƙirƙiro a Ingila a 1935, ta zo Najeriya ta zauna daram har yara da yawa ke zaton a nan aka haife ta. Kati 54 ne. Akwai bol da angul, kowanne 12, akwai kuros da kafet, kowanne 9, sai sita guda 7, sai katin Whot guda 5 masu lamba 20. Babu 6 babu 9 a cikinta. Kowa ya san dokar: ka ɗora katin da ya dace da na sama a siffa ko a lamba, in ba ka da shi ka tafi kasuwa ka ɗauko. Lamba 2 na sa na gaba ya ɗauki biyu, 5 ya ɗauki uku, 8 ta tsallake shi, 14 ta tura kowa kasuwa, mai 20 kuma ya nemi siffar da yake so. Wanda ya fara zubar da katinsa duka shi ya ci. Idan kasuwa ta ƙare ba wanda ya fita, sai a ƙirga lambobin da suka rage a hannun kowa, sita kuma ninki biyu ake lissafa ta.

Wasa ne mai sauƙi, amma ka lura da yadda ƙarancin kuɗi ke canza hannun mutum a cikinsa. Mai jari yakan riƙe katin 20 ɗinsa har ƙarshe, don ya san amfaninsa yana wurin fita. Yakan riƙe 2 ɗinsa ya jira wanda ya ce saura ɗaya, sannan ya maka masa. Mai ɗari biyar ta ƙarshe ba shi da wannan sanyin zuciya. Da ya ga an matse shi sau ɗaya sai ya jefa 20 ɗin tun wasa bai yi nisa ba, don tsoron tafiya kasuwa. Ko kuma ya ƙanƙame ta fiye da kima, a fita a bar shi da ita a hannu. Yakan manta ya sanar cewa saura kati ɗaya, a ci shi tara. Shi ne mai yawan cewa a sake gauraya karta, shi ne mai zargin mai rabo da leƙe. Ba don ya fi sauran rashin iyawa ba ne. Jiya da ba a sa kuɗi ba shi ya yi ta cinye su. Yau abin da ke ƙarƙashin yatsansa kuɗin cefane ne, kuma hankalinsa ya rabu biyu, rabi a tabarma rabi a gida.

Sai dai babbar shawarar ba a cikin wasan take ba. A Whot ta kuɗi ana zuba kuɗi ne kafin a raba karta. Mutum bai ga ko kati ɗaya ba ya riga ya miƙa abin da ke hannunsa. To bari mu yi lissafin da ba a yi a bakin tabarma. A ce mutum huɗu ne, iyawarsu ɗaya, kowa na zuba ₦500 a kowane hannu. An tara ₦2,000. A ce mai tabarma na cire ₦200 la'adarsa, wanda ya ci ya kwashi ₦1,800. Tunda iyawa ɗaya ce, a tsawon zama kowa zai ci hannu ɗaya cikin huɗu. Ke nan a kowane hannu huɗu ka zuba ₦2,000 ka karɓi ₦1,800. Ba wanda ya cuce ka, ba wanda ya ɓoye kati a hannun riga, amma ₦200 ta tafi. Idan su huɗun sun zo da ₦5,000 kowanne, kafin a yi hannu 20 kashi ɗaya cikin biyar na duk kuɗin da ke wurin ya koma aljihun wanda bai taɓa karta ba.

Wannan ya shafi kowa a tabarmar. Ga abin da ya shafi mai ƙaramin jari shi kaɗai. Wanda ya zauna da ₦1,500 hannu uku kawai yake da shi. Yiwuwar a cinye shi sau uku a jere, tun bai ɗanɗana ci ko sau ɗaya ba, ta kai kashi 42 cikin 100. Wanda ya zauna da ₦10,000 yana da hannu 20, kuma yiwuwar ya rasa su duka a jere wajen 3 ce kacal cikin 1,000. Karta ɗaya, doka ɗaya, amma ɗaya na iya jure mugun rabo har ya wuce, ɗayan kuwa mugun rabo na farko ke yi masa ƙarƙaf. Masana lissafi sun daɗe da sanin wannan. Tun wasiƙun da Pascal da Fermat suka yi musaya a Faransa a 1656, da littafin Huygens na 1657, aka fara warware shi: idan mutum biyu masu iyawa ɗaya suka yi ta caca ba tare da la'ada ba har ɗaya ya ƙare, rabon kowa na cinye ɗan'uwansa daidai yake da rabonsa a cikin kuɗin da ke gabansu. Mai ₦1,000 a gaban mai ₦9,000, sau ɗaya cikin goma zai tashi da komai, sau tara ya tashi hannu rabbana.

Akwai wata karta da masu ita suka zauna suka yi wa wannan matsala ta mai ƙaramin jari nazari na musamman, har da littattafai. Ita ce foka, wadda ta yi ƙarfi a Amurka, inda ake gasar duniya tata a Las Vegas tun 1970. Ba wasanmu ba ne, ba za ka same ta a Shanga ko Ngaski ba, sai dai a gidajen caca na manyan otal a Legas da Abuja, da kuma cikin waya. Na kawo ta ne don abin da gwanayenta suka gano yana haska abin da ke faruwa a tabarmarmu. A nau'inta da ya fi yaɗuwa ana amfani da kati 52. Kowa a ba shi biyu a rufe, a yi zagayen zuba kuɗi, sannan a buɗe uku a tsakiya, sai ɗaya, sai ɗaya, ana zuba kuɗi tsakanin kowace buɗewa. A ƙananan tebura na Amurka mutum biyu ne ke sa kuɗin dole a kowane hannu, dala 1 da dala 2, kuma dolen na zagayawa. Wanda ya zo da shiri yakan zauna da dala 200 ko fiye. Wanda ya zauna da dala 40 ko 60 shi ne mai ƙaramin jari, kuma kusan duk wasansa yana ƙarewa ne a zagayen farko, kafin a buɗe katunan tsakiya. Bayan wannan ba shi da sauran kuɗin da zai yi dabara da shi.

Ga misalin da ya fi tsaya mini a rai. An ba mutum 5 guda biyu. Wani ya ɗaga kuɗi zuwa dala 10. Tagwayen 5 ba su da ƙarfi sai in 5 ta uku ta fito cikin katuna ukun farko, kuma hakan na faruwa ne kusan sau 12 cikin 100, wato sau ɗaya cikin takwas da rabi. Mai dala 300 na iya biyan 10 ɗin ya gwada, don ranar da ta fito zai iya kwasar ɗari ko ɗari biyu daga abokin wasa, ya mayar da duk 10-10 ɗin da ya zubar a baya. Mai dala 40 fa? Zai zubar da kusan dala 75 yana jiran ranar, kuma ranar da ta zo abin da zai iya ci daga mutum ɗaya bai wuce 40 ba, don ba a cin fiye da abin da ka ajiye. Kati iri ɗaya, farashi iri ɗaya, ga wannan ciniki ne, ga wancan asara ce tun kafin a buɗe komai. Don haka gwanayen suka ce mai ƙaramin jari ba shi da damar leƙe. Kada ya ce bari in biya kaɗan in gani. Ko dai katinsa na da ƙarfin da zai tura duk abin da ke gabansa, ko ya ajiye ya jira.

Jiran nan kuwa shi ne wahalar. Hanyoyin da za a iya ba mutum kati biyu cikin 52 sun kai 1,326. Idan ya ce ba zai shiga ba sai da tagwayen 10 zuwa sama, ko A da sarki, ko A da sarauniya, 62 ne kacal cikinsu, ƙasa da kashi 5 cikin 100, wato hannu ɗaya cikin 21. A teburin da mutum ke rabawa da hannu ana yin hannu wajen 30 a awa guda. Ke nan zai zauna minti arba'in yana mayar da kati kafin ya ga wanda zai shiga da shi, alhali kuɗin dole na cin dala 3 a kowane zagaye na mutum tara, kusan dala 10 a awa, rubu'in jarinsa. Dole ya sassauta sharaɗinsa idan zagaye ya kawo shi ƙarshen layi kuma na gabansa duk sun ajiye, ya tsananta idan shi ne farkon magana. In ma katin ya zo, ba tabbas. Tagwayen A, wanda babu sama da shi, sau ɗaya cikin 221 ake samunsa, kuma a gaban mutum ɗaya ana iya kayar da shi sau 15 cikin 100. A da sarki a gaban ƙananan tagwaye kusan raba-daidai ne, har ma tagwayen sun ɗan fi. Abu ɗaya ne mai ƙaramin jari ya fi sauran da shi: da zarar ya tura komai, ba mai iya tsorata shi ya gudu, sai an buɗe kati an gani.

La'adar gidan ma ba ta faɗa wa kowa daidai ba. A ƙananan teburan nan gida kan cire kashi 10 cikin 100 na kuɗin da aka tara, amma da iyaka, wajen dala 5 a hannu. Idan an tara dala 500, biyar ɗin nan kashi 1 ce cikin 100. Idan an tara 50, kashi 10 ce cif. Mai ƙaramin jari kullum a ƙananan taro yake, don haka shi ya fi kowa ɗaukar nauyin gidan.

Abin da na ɗauka daga duk wannan shi ne, hatta mutanen da suka mayar da caca sana'a, waɗanda ba ruwansu da halal ko haram, sun yarda cewa ƙaramin jari na bukatar haƙuri fiye da babba. Kuma haƙurin nan shi ne ainihin abin da mai ɗari biyar ta ƙarshe ba shi da shi. Bai zauna don ya jira ba. Ya zauna ne don kuɗin hannunsa bai kai abin da ake jira a gida ba, yana so ya ninka shi kafin magariba. Ka ji abin da yake faɗa wa kansa: ai kaɗan ne, ko an ci ba a ci komai ba. Wannan magana ita ta fi komai ruɗi a bakin tabarma. Ɗari biyar kaɗan ce ga mai dubu goma. Ga wanda ita kaɗai gare shi, duka ce. Garin neman ƙiba ake samo rama, kuma a nan ramar ba shi kaɗai take kamawa ba.

Sannan akwai wata doka a gidajen foka da babu irinta a wurinmu, kuma rashinta ya fi la'ada ɓarna. A can, abin da ke kan tebur a gabanka lokacin da aka raba kati shi kaɗai za ka iya rasawa a wannan hannun. Ba a sa hannu a aljihu a tsakiyar wasa, ba a ɗora agogo ko makullin mota. A tabarmar bayan rumfa kuwa ƙarewar kuɗi ba ta nufin ƙarewar wasa. Kullum akwai wani a tsaye, ba ya buga karta, ido kawai yake zubawa, kuma shi ya fi kowa sanin wanda ya kusa faɗuwa. Da an kwashe ta ƙarshe sai ya matso.

"Ɗan'uwa, in ba ka dubu ɗaya ka fanshe? Aje wayar nan wurina, in ka ci ka amshi abinka."

Wani lokaci dattijo ne ke kusa, mai gyaran raga, ya ɗago kai ya ce, "Kai yaro, tashi haka nan. Ka ga an yi kiran salla."

"Kawu, hannu guda ɗai ya rage. In na ci in tashi."

Daga waya sai fitilar kamun kifi, sai rabon gobe da ba a kamo ba tukuna. Da yamma ka ji yaron jirgi na sosa ƙeya gaban mai jirgi: "Maigida, a taimaka mini da dubu biyu, a cire cikin rabona." Mai jirgin ya san inda ta jiya ta tafi, amma yana bukatar hannu a jirgi da asuba, sai ya bayar. Haka ƙaramin jari ke komawa bashi, bashi kuma ya ɗaure mutum ga jirgin da ba zai iya bari ba ko an rage masa rabo.

Akwai amsar da 'yan caca na bakin ruwa kan bayar, kuma ba ta wasa ba ce, ta cancanci a tsaya a kanta. Sukan ce ai su ma caca ce. Mutum ya zuba kuɗinsa na ƙarshe a man inji, ya shiga ruwa bai san abin da zai tarar ba. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da ₦200 ta haura ₦500 cikin kwanaki, ta kuma wuce ₦1,000 kafin ƙarshen 2024, wannan magana ta ƙara nauyi. Mai ƙaramin jirgi da gaske yana yanke shawara kafin ya gani: ya sayi mai ya yi nisa inda giwan ruwa da ragon ruwa suke, ko ya tuƙa da filafili nan kusa ya wadatu da ƙurungu da 'yan karfasa. Shi ma ba shi da damar gwaji sau uku. Fita ɗaya ta banza na iya zaunar da shi mako.

Kamar ta yi daidai, amma ba ɗaya ba ne. Masunci bai ga kifin ba, amma ya ga ruwa. Ya san lokacin da jan ruwan damina ke shigowa da laka, ya san lokacin da ruwa na biyu, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini ya ratsa Mali, ke isowa cikin hunturu a tace. Ya san wata, ya san iska, ya san inda kututturan itatuwan da tafki ya shanye suke yaga raga. Saninsa na ƙaruwa da shekaru kuma yana rage kasadar. Ɗan Whot ko ya shekara talatin yana bugawa, katin da ke saman kasuwa bai san shi ba. Na biyu, kuma wannan ya fi: idan jirgi ya dawo da kifi, an samu abin da babu shi jiya. Mai jirgi ya samu, yaransa sun samu, mai banda ta samu, mai mota da zai kai kifin Kontagora ko Sakkwato ya samu, kuma ba wanda aka cire wa daga aljihu. A tabarma ₦20,000 ta zauna, ₦20,000 za ta tashi, sai dai ta canza aljihu, kuma wani kaso ya maƙale wurin mai la'ada. Cin kowa asarar maƙwabcinsa ce, wanda gobe za su shiga jirgi ɗaya.

Wannan na ƙarshe shi Alkur'ani ya ɗora yatsa a kai a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, inda aka haɗa caca da giya, aka kuma ambaci gaba da ƙiyayya da suke haifarwa tsakanin mutane da shagaltarwa daga salla. Cacar da Larabawa ke yi kafin Musulunci ta raƙumi ce: a yanka, a sa kibau goma a jaka, bakwai masu rabo, uku marasa komai, waɗanda suka zaro marasa rabon su biya kuɗin raƙumin. Sau da yawa ma naman ga matalauta ake rabawa, duk da haka aka hana. Malamanmu ba su gaza faɗar hukuncin ba, kuma Jihar Kebbi na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'a tun 2000. Ba rashin sanin haramcin ne ke zaunar da mai ɗari biyar ba. Ya sani sarai, shi ya sa tabarmar take bayan rumfa. Abin da nake ganin bai taɓa ji ba shi ne lissafin. Yana zaton shi da mai dubu goma rabonsu ɗaya tunda karta ɗaya ake raba musu. Da malamin da ke wa'azi bayan la'asar zai ƙara da minti biyar na wannan ƙidaya, mutum huɗu, ɗari biyar-biyar, la'ada ɗari biyu, ina jin akwai kunnen da zai buɗe wanda tsoratarwa kaɗai ba ta buɗe ba.

Idan kuma sarkin ruwa ko mai unguwa zai kira wani ya yi masa magana, ni da zan ba da shawara ba da yaron da aka cinye za a fara ba. A fara da mai tabarma da mai ba da rance a kan waya, don su biyun ne kaɗai ke tashi da riba kowace rana. Masu jirage ma suna da abin yi. Yaron da ake damƙa wa rabonsa duka a tafin hannu da hantsi, ga yini guda a gabansa ba aiki, an bar shi da jarrabawa mai nauyi. Wanda ya yarda a riƙe masa wani kaso zuwa ranar kasuwa, ko ya shiga adashi da abokan jirginsa, aƙalla akwai kuɗin da tabarma ba za ta gani ba.

Sai dai riƙon ma ya fara wuya. A da idan aljihu ya bushe kuma ba mai ba da rance a kusa, dole mutum ya kakkaɓe riga ya tafi. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da ya tilasta wa masu kifi da masu albasa buɗe asusu, kusan kowace tasha tana da mai POS a ƙarƙashin lema, taku kaɗan daga inda ake wasa. Wanda aka cinye yakan ce a riƙe masa wurinsa, ya je ya ciro, ya biya kuɗin cirewa, ya dawo ya tsuguna. Wani ma ba ya tashi, daga zaune yake tura wa wanda ya ci ta waya. Ga kuma cacar ƙwallo a cikin wayar, wadda ke karɓar ko ₦100, ba ta bukatar tabarma ko abokin wasa, kuma dattijon da ke gyaran raga a gefe ba zai ga komai ba balle ya ce a tashi. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara harkar caca da irin wannan wasa hurumin jihohi ne, ban da Abuja, don haka maganar yanzu tana hannun gwamnati da majalisar dokoki a Birnin Kebbi.